Reshen da Umma Ta Buɗe a Gida

Shafi na 23

Salamu alaikum mutanen kirki. Masu aiko min saƙo tun ban wanke ido ba wai ina shafin yau, na gan ku. Wadda kuma ta ce in na kuskura aka kori Auta daga aiki ta daina karantawa, ita ma na gan ta, kuma ban razana ba. Ku gyara zama.

*

Kwana huɗu ya rage. Kwana huɗu kacal Auta ta cika wata ukun gwaji a asibitin fata, Likita ta sa hannu a takardarta ta zama cikakkiyar ma'aikaciya. Wata ukun nan lallaɓa aikin take kamar mai ɗauke da ƙwai a faranti. Ba ta makara, ba ta ɗaga waya a ɗakin aiki, ko dariya ƙasa-ƙasa take yi. Likita mace ce mai doka ɗaya da ba ta lanƙwasuwa: ma'aikaciyarta ba ta taɓa fuskar kowa a waje, ko da fuskar uwarta ce. Wadda Auta ta maye gurbinta a kan haka aka sallame ta, ko shayinta ba a bari ta ƙarasa ba.

Tana cikin jera kaya a tire, auduga, safar hannu, man kashe zafi, da sabon kan allura a ledarsa, sai mai karɓar baƙi ta leƙo.

"Sista, kina da baƙuwa. Ba ta cikin littafin yau, amma ta ce ke take so. Wai doguwar Sistar nan baƙa."

"To, ta shigo."

Matar ta shigo da takunkumi, da baƙin tabarau, ta kuma ja mayafi har gira, kai ka ce banki ta zo yi wa fashi. Sai da ta mayar da ƙofa ta rufe sannan ta yi magana.

"Auta, ni ce."

A nan wajen ba mai kiranta Auta. Muryar Maman Biyu ce, maƙwabciyarsu mai ɗinki, wadda katanga ɗaya ta raba su.

"Maman Biyu? Lafiya? Wani abu ya samu Umma?"

"Umma lafiyarta ƙalau. Ni ce dai ba lafiya."

Ta zare tabarau. Ta sauke takunkumi.

Auta ta ce, "Innalillahi!"

Kumatun nan biyu sun kumbura suntum. Inda a da ɗan duhun nan ne na masu haihuwa, yanzu ya koma baƙi ƙirin, layi-layi kamar an ja tsintsiya a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Gefen haɓa har ruwa yake tsattsafowa.

"Hau gado. Hau, hau. Wa ya yi miki wannan aika-aika?"

"Reshenku."

"Reshen wa?"

"Reshenku na gida mana. Wajen Umma."

Auta ta tsaya da safar hannu ɗaya a hannu, ɗayar tana reto.

"Maman Biyu, ki yi min magana yadda zan gane. Wane reshe? Asibitin nan ba shi da reshe ko a mafarki."

"Yo ni na sani? Umma ce ta ce aiki ya yi miki yawa, shi ne kika bar mata na unguwa. Kina fita da safe take sa farar rigar nan taki ta makaranta, ta shimfiɗa zani a doguwar kujera, mu kwanta. Har biron allurar take da shi, mai ƙugi zuuu."

Biron allura! Auta ta dafe kai. Na'urar da aka ba su a makaranta ce, da ita ta koyi aiki a kan fatar roba. Tana cikin kwali a saman sif, ƙarƙashin tsofaffin littattafai, kuma rabon da ta tuna da ita tun ranar da ta gama jarrabawa.

"Ku kwanta kika ce? Ku nawa?"

Maman Biyu ta fara lanƙwasa yatsu. "Ni, da matar mai kanti, da malamar nan ta ƙarshen layi, da surukarta, da..."

"Jimla nake tambaya!"

"Bakwai. In an haɗa da ita Umman, takwas."

Auta ta nemi kujera ta zauna. Mutane suna cewa ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa. To ita nata a juye ya zo, uwar ce ta tara duwatsun ta kuma nuna wa jama'a inda ɗiyar take.

"Bari in kira ta."

"Ba sai kin kira ba. Tana waje."

"Tana ina?"

"Tsallaken titi, inuwar kantin magani. Ita ta rako ni. Ta ce kin hana ta taka ƙofar nan, don haka ba za ta shigo ba."

Auta ta leƙa baranda. Ƙofar Likita a rufe, ana jin ƙugin na'ura, tana kan goshin wata mai son a rage mata tamoji. Minti ashirin, in an yi sa'a. Ta zaga ta ƙofar baya da sassarfa.

Ga Umma can tsaye, ta rungume jaka a ƙirji, tana ƙare wa allon asibitin kallo kamar ita ta biya kuɗin fenti.

"Umma, taho."

"A'a, ni da aka hana?"

"Umma don girman Allah ki taho, mutane na kallonmu."

"Su kalla mana. Sata na yi?"

Da ƙyar da jan hannu ta shigo da ita. Tana rufe ƙofa Umma ta fara zagaye ɗakin da ido, fitilar nan mai dogon wuya, gadon da ake ɗagawa da ƙafa, kwalabe a jere.

"Masha Allah. Ashe nan ne. Ai fitilar nan ce kawai ba ni da ita."

"Umma!"

"Na'am. Ki rage murya, ba a gida kike ba."

Auta ta zuba mata ido. Wato ita ake ce wa ta rage murya.

"Ina biron?"

Umma ta buɗe jaka ta fito da shi a naɗe cikin ɗankwali, ta ajiye a kan tire a hankali. Auta ta duba kan allurar. Tsinin ya lanƙwashe, ga wani abu ja-ja ya bushe a gindinsa. Ta duba maɓallin zurfi. An murɗa shi har ƙarshe.

"Wa ya kai shi nan?"

"Ni."

"Saboda me?"

"Ba ke kika faɗa ba? Lokacin jarrabawarki kullum a falo kina zagaye kina haddacewa, kin hana ni jin rediyo. Fata in an ji mata ƙaramin ciwo sai ta tashi ta gyara kanta. Ƙarya na yi?"

"Haka ne, amma..."

"To. Ƙaramin ciwo ƙaramin gyara. Mu kuwa babban gyara muke nema, ba yara ba ne mu. Sai na ƙure shi."

Maman Biyu daga kan gado ta ce, "Ni dai na ce da zafi. Ta ce ba a shan zuma sai an sha harbi."

"Yi shiru ke, raki ne da ke. Surukar malama ta girme ki da shekara ashirin, ko uhum ba ta ce ba."

Auta ta runtse ido ta buɗe. "Bayan allurar me kike shafa musu?"

"Lemon tsami. Tunda ƙofofin fata a buɗe suke, sai ya shiga ya wanke baƙin tun daga tushe. In ya bushe in bi da man bilicin kaɗan."

"Lemon tsami. A kan ɗanyen ciwo."

"Sabo fil, ba kwanannen ba."

"Daga nan fa?"

"Su zauna a rana rabin awa, magani ya kama."

Auta ta miƙe, ta je bango ta dawo, ta sake komawa. Abu uku ake ja wa duk wadda aka yi wa allura kunne a kai kafin ta sauka daga gado: kar ta shiga rana, kar ta shafa abu mai tsami, kar man bilicin ya kusance ta. Umma ta tattara ukun nan ta yi musu ɗaurin goro ta raba wa unguwa.

"Umma, rana ita ke ƙara baƙin! Mu nan har man kare rana muke ba su, mu ce su yi sati suna gudunta. Fata irin tamu in aka ji mata ciwo da yawa ba fari take yi ba, duhu take ƙarawa. Garin gyaran gira kin tsone musu ido!"

"To ai wannan ba ki haddace shi a falo ba."

"A ɗaki na haddace shi!"

"Kin gani. Laifin wa?"

Haushi ya sa Auta dariyar da ba ta shirya ba, irin wadda hawaye ke biyo bayanta. Ta ɗaga kan allurar da yatsu biyu.

"Wannan fa? Kawuna uku ne a kwalin. Ina sauran?"

"Biyu sun karye tun satin farko. Wannan ne mai ƙwari."

"Da shi kika yi wa mutum takwas?"

"Ina tafasa shi. A butar shayi, sai ya yi tafasa uku. Ni ƙazama ce?"

Nan dariyar ta ɗauke. Auta ta nuna akwatin rawaya da ke maƙale a bango.

"Kin ga wancan? Kai ɗaya, fuska ɗaya, sau ɗaya, sai cikin akwatin can. Ko ni ban isa in sake buɗe shi ba. Jini yana shiga cikin ramin allurar inda tafasa ba ta fitar da shi. In ɗaya cikinku tana da ciwon hanta ba ta sani ba, kin raba wa bakwai. Wannan ya wuce maganar baƙin fuska, Umma. Dole a ɗebi jinin kowa a gwada, har da naki."

Maman Biyu ta tashi zaune. "Ciwon hanta? Na shiga uku! Ina shayarwa fa!"

"Kwanta. Ban ce kina da shi ba, na ce sai an gwada."

Umma ta ja da baya. Ta gyara riƙon jaka, ta dubi ƙasa.

"To ki gwada mu ke. A gida. Ba sai kowa ya ji ba."

"Ni ba na rubuta gwajin jini. Maganin da fuskar nan take buƙata ma ban isa in rubuta ba. Sai Likita."

"To a gaya mata mana."

"A gaya mata me? Cewa da na'urata, da rigata, da sunana aka buɗe asibiti a falonmu? Kwana huɗu ya rage min, Umma. Kwana huɗu! Shekara biyu ina yawo da takardu kafin in samu wajen nan, kin fi kowa sani. Me na yi miki? Me ya kai ki?"

"Ko sisi ban karɓa ba. Sunanki nake ɗagawa."

"Kin ɗaga shi kam. Har ya fi ƙarfin hannuna."

Umma ta dube ta. Sannan ta ajiye jaka a kujera, ta ciri auduga daga tire ba tare da ta tambaya ba, ta jiƙa da ruwan kwalba, ta shiga goge kumatunta. Hoda ta fito a jikin audugar, mai kauri, ta sake ɗaukar wata. Da ta gama ta matso ƙarƙashin fitila.

Baƙin da Auta ta sani a kumatun Umma tun tana yarinya ya ninka. Ya haura har gefen ido, da irin layukan da ke fuskar Maman Biyu, sai dai nata sun bushe.

"A kaina na fara," in ji Umma. "Sati uku ke nan. Da na ga ya ƙara duhu sai na tuna kin ce sai an yi wata guda ake ganin kyan aiki, shi ya sa na ci gaba. Sati uku, Auta. Gida ɗaya muke kwana, tire ɗaya muke ci. Kin gani?"

Auta ta kawar da kai.

"Ba ki gani ba. Yaushe rabon ki kalli fuskata? Fuskar matan gari kike kallo tun safe har yamma da fitila, tawa kuwa in kina min magana bango kike duba."

"Umma ba haka ba ne..."

"Sau nawa na ce ki kawo ni wajen likitarku? Kika ce sai an tabbatar da ke. Na ce to in zo ko gaisawa mu yi, in yi mata godiya, kika ce ba a zuwa. Na yarda. Sai ranar nan na ji ki a waya da yayarki. Mai gyaran fata guda, a ga uwarta da wannan fuskar, wa zai yarda da aikinta? Ko ba ki faɗa ba?"

Ta faɗa. Da wasa ta faɗa, suna dariya, amma ta faɗa, kuma ta san har cikin ranta haka take ji. Kunya ta rufe ta, ta rasa inda za ta sa ido. Ga haushin bai tafi ba, yana nan daram, don mutum takwas mutum takwas ne ko me aka ce a waya.

"Baƙin nan da cikinki na same shi," Umma ta ce, muryarta ta sauka. "Kafin ke, fuskata har tambaya ake me nake shafawa. Ban taɓa yi miki gori ba. Na ce bari in gyara abina da kaina, ranar da za a ba ki takarda in zo in tsaya a gefenki ba ki sunkuyar da kai ba. Matan layi suka ga ina yi suka ce su ma. In ce musu ɗiyata ba ta san ina yi ba? In ce ta hana ni zuwa wajen aikinta?"

Maman Biyu ta fara sharar hawaye, gishirin ya taɓa ciwon, ta ce, "Wash!"

"Kar ki taɓa!" Auta da Umma suka faɗa tare.

Sai a lokacin Auta ta lura ƙugin na'urar ɗakin can ya tsaya. Tun yaushe, ba ta sani ba.

Aka ƙwanƙwasa sau ɗaya, aka turo ƙofa.

Likita ce, gajeruwa, tabarau a saman goshi, tana cire safar hannu.

"Sista, wa ke gare ki? Ban ga kowa a littafi ba."

Idonta ya sauka a kan Maman Biyu. Ta sa sabuwar safa, ta jawo fitila, ta juya fuskar dama, ta juya hagu, ta danna gefen haɓa. Ta ɗago ta dubi Umma, ta daɗe a kan kumatunta. Daga nan ta ga biron a tire. Ta ɗauka, ta duba kan, ta duba maɓallin, ta ajiye.

"Wa ya yi wannan aikin?"

Auta ta buɗe baki, Umma ta riga ta.

"Ni ce."

"Ke ma'aikaciyar lafiya ce, Hajiya?"

"A'a. Karambani ne."

"Mutum nawa?"

"Takwas da ni."

"Da kai ɗaya?"

"Da kai ɗaya."

Likita ta sauke tabarau kan hanci. Ba ta ɗaga murya, shi ya sa ake tsoronta.

"Duk takwas ɗin ina son ganinsu yau, kafin a tashi. Za a ɗebi jini. Wannan kuma za ta fara magani yanzu." Ta sake ɗaga biron. "Saura abu ɗaya. Irin wannan ba a sayar da shi a kanti. Ɗalibai ake ba wa a makarantar koyon aikin fata, ga lambar aji a gindinsa. A ina kika samu?"

"Tsinta na yi."

"Tsinta."

"A mota. Wani ya manta."

"Kuma da aka samu matsala, duk asibitocin garin nan, sai kuka zo nan, kuka wuce ni, kuka nemi Sista. Kun san ta ne?"

Maman Biyu ta buɗe baki. Umma ta watsa mata wani kallo, ta mayar da shi ta rufe.

Umma ta ɗauki jakarta ta rungume. Ta ja mayafi ta rufe kumatu, ta matsa taku ɗaya nesa da Auta, ta kafe bango da ido.

"Ina za mu san ta? Allo muka gani muka shigo. Ni yau na fara ganin yarinyar nan."

Auta ta bi ta da kallo. Matar da ko layin asibiti aka je sai ta gaya wa na kusa da ita cewa ɗiyarta Sista ce, yau ita ke cewa ba ta san ta ba, kuma muryarta ko rawa ba ta yi.

Likita ta dubi Umma. Ta dubi Auta. Ta sake duban Umma, tsayin nan, goshin nan.

"Hajiya, na ji naki."

Ta juyo gaba ɗaya.

"Sista, ke nake tambaya, kuma sau ɗaya zan tambaya. Wace ce matar nan a wajenki?"